Ranar da Ƙafar Almakashi Ta Yi Shiru

Ita ce mai almakashi, amma shi sunan ya bi. A layinsu Mai Ɗinki ake ce mata, mijinta kuwa kaf 'yan fim ba wanda ya san shi da wani suna in ba Almakashi ba. Tace hoto ne aikinsa: a jibgo masa duk abin da kyamara ta kwaso, ya yanke nan, ya haɗa can, har labari ya miƙe da ƙafarsa. Takan tsokane shi ta ce, "Malam, ka ƙwace min suna, alhali ko aron almakashina ba ka taɓa yi ba." Shi kuma ya ce ai nata yadi yake ci, nasa kuwa lokaci yake yanka.

Katangar katako ce kawai tsakanin ɗakin ɗinkinta da ɗakin aikinsa. Dokarsa ce ba a kallon fim sai ya gama, don haka ƙofarsa kullum a rufe take. Sai dai ita ba ta bukatar ƙofa. In aiki yana yi masa daɗi, ƙafarsa ta dama takan riƙa dukan ƙafar tebur, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har katangar ta ɗauka. Tun suna da ƙuruciya take jin wannan kiɗa, har ta kai in ya yi sauri ita ma takan tsinci kanta tana ƙara wa kekenta wuta.

Kuma mutumin nan, a faɗi gaskiya, gwani ne. Sauran masu tace hoto sukan tsayar da fim su bi shi ƙwaya-ƙwaya suna neman wurin yanka, don a cikin daƙiƙa guda hotuna ashirin da wani abu ne suke wucewa. Shi ba ya haka. Sakin hoton yake yi ya tafi da gudunsa, ya ɗora yatsa a kan madanni, ya yi tsit kamar mai sauraren numfashin jariri, sai ka ji tau! Ya buga. Sannan ya koma baya, ya rufe lambar ƙwayar hoton da kwamfuta ta nuna da tafin hannu, ya sake saki, ya sake bugawa. In bugun biyu suka sauka a ƙwaya ɗaya, to nan ne wurin yanka. Kuma saukar suke yi. Masu koyo sun sha yin musu, su zo su tsaya a kansa, su fita suna riƙe baki.

To, wannan ƙafa ce ta yi shiru.

Shirun ya soma ne bayan an ba shi tabarau a asibitin ido, likita ya ce yanar ido ta fara taruwa kaɗan, amma ba abin tayar da hankali ba ne. A tsakanin nan ne kuma Darakta, wanda Almakashi yake yi wa aiki, ya kuma san shi tun yana ƙaramin mai riƙe fitila, ya sayi sabuwar kyamara mai ɗaukar hoto tar, har gashin gira sai ka ƙirga. Mai Ɗinki ba ta haɗa abubuwan nan biyu ba. Ita dai ta ga mijinta yana fitowa yana murza ido, abinci ya ci rabi, ta yi wasa ya yi murmushin yaƙe. In ta tambaya ya ce lafiya lau. Kai, maza! Mutum yana ci da wuta a ciki, amma bakinsa lafiya lau.

Ranar da abin ya fito fili, da la'asar ne. Darakta ya zo, suka shige ɗaki, ita kuma zaren ƙasa ya ƙare mata, keke ya tsaya, sai maganarsu ta riƙa ratso katako.

"Baba," in ji Darakta, yana ta lallaɓa murya, "wurin ƙofar nan ne. Inda matar take sakin mariƙi ta juyo. Kamar yankan ya ɗan makara. Da wurin mota ma. Ko ni ne ban gani daidai ba?"

"Daidai ka gani."

"A'a, Baba, ƙila gajiya ce."

"Ba gajiya ba ce. Na buga sau biyu, ba su haɗu ba. Na sake, ba su haɗu ba. Hoton tsalle yake yi min a ido. Idon ya tafi, hannun ya bi shi. Gobe da yamma ka zo ka kwashi kayanka ka kai wa yaran nan masu jini a jika. Ba zan ɓata maka fim ba, ba kuma zan ɓata sunana da hannuna ba."

Mai Ɗinki ta ajiye zaren da ke hannunta. Ta san mijinta. In ya ajiye aikin nan ba zai mutu ba, amma zai zama mutumin da yake zama a ƙofar gida yana kallon masu wucewa, kuma wannan ba shi ne mutumin da ta aura ba.

Darakta yana fita, ta tura ƙofar da ba ta taɓa turawa ba. Almakashi yana zaune ya zuba wa kwamfuta ido, wurin ƙofar yana ta maimaituwa. Mace ta kama mariƙi, ta saki, ta juyo. Mai Ɗinki ta tsaya a bayansa tana kallo, sai ta ga hannun matar ya ɗan ƙame, sannan ya yi zumbur ya cim ma kansa. Abin kaɗan ne ƙwarai, amma wadda ta yi shekara da shekaru tana gane inda keke ya tsallake ɗinki ba za ta rasa shi ba.

"Malam, ai ni ma na ga ya yi tsalle."

Bai ko waiwayo ba. "Wa ya ce ki shigo?"

"Ni na ce. Wallahi ya yi tsalle. Ga shi nan ma ya sake."

"Maman yara, ki bar lallashina. Na girmi haka."

"Yo ni tabarau gare ni? Idona garau yake!"

"Na gode," ya ce a hankali, ya kashe hoton. Wannan godiyar ta fi zagi ƙona mata rai, don ta gane ya ɗauka tausayi ne ya sa ta yi masa ƙarya.

Kafin ta fita ta lura da abu ɗaya. A gefen kwamfutar akwai wata baƙar ma'ajiya mai girman tafin hannun ƙato, wadda ake zuba fim a ciki a riƙa aiki daga nan. Tsohuwa yake ce mata, yana kuma yabonta a gaban kowa, wai tunda ya saye ta ko ƙwayar hoto ɗaya ba ta taɓa zubar masa ba. Duk sanda hannun matar nan ya ƙame, sai Tsohuwa ta yi wani gurnani, fitilarta tana ƙyaf-ƙyaf ba tsayawa. Almakashi ya san numfashin ɗan wasa, ya san ƙiftawar ido, amma hanjin na'ura bai taɓa damunsa ba. Wanda ya amince da shi, ya amince ke nan.

Washegari da safe ya tafi asibitin ido a sake duba shi. Yana karya kwana ta shiga ɗakin, ta ɗauki hoton ramukan da ke bayan kwamfutar da wayarta, ta zare Tsohuwa, ta naɗe ta a ragowar yadi mai kauri, ta tura cikin jaka. A mota ta rungume jakar a ƙirji har wata mata ta tambaye ta ko jinjiri ne a ciki.

Benen masu sayar da kayan waya da kwamfuta ba wurin mai ciwon kai ba ne. Kowane shago da kiɗansa, kowane saurayi yana miƙo mata kwali. "Mama, ga mai sauri!" "Mama, wannan jirgi ce!" Ta wuce su duka. Wata mai kawo mata ɗinki ta taɓa ba ta labarin wani a hawa na sama, can ƙurya kusa da masu gyaran firinta, wanda ake ce wa Sai-an-gwada, don ko wayar caji ba ya sayarwa sai ya jona ta a gabanka. Matar ta faɗa ne da mita, wai ya ɓata mata lokaci. Mai Ɗinki kuwa ta riƙe sunan.

Ta same shi, wani siriri mai furfura a gemu, da fanka ƙarama tana hura masa wuya. Ta kwance yadin, ta zayyana masa komai, har da tabarau.

"Mama, zauna," ya ce, ya jawo mata kujera. "Kafin mu zargi kowa, mu gani tukuna."

Ya jona Tsohuwa a tasa kwamfutar, ta nuna masa wurin ƙofar, ya saki. Mace ta kama mariƙi, hannu ya ƙame, ya yi zumbur.

"To, ni dai ba ni da yanar ido," in ji Sai-an-gwada, "kuma na gani."

Mai Ɗinki ta sauke wata ajiyar zuciya, har idonta ya kawo ruwa. Ta yi maza ta goge da bakin mayafi.

"Kada ki ga laifin wannan baiwar Allah," ya ci gaba yana shafa bayan Tsohuwa. "Lafiyarta ƙalau. A cikinta faifai ne yake juyawa, da wata 'yar allura mai bi tana karantawa. Hoton tsohuwar kyamara ba shi da nauyi, tana kai shi a kan lokaci. Na sabuwar nan kuwa ya fi ƙarfinta. Kwamfuta tana cewa kawo, kawo, ita tana haki. In ba ta kawo da wuri ba, sai kwamfutar ta tsallake wasu hotunan ta wuce, ba ta gaya wa kowa ba. Mai gidanki yana buga yatsa a kan abin da aka nuna masa, abin da aka nuna masa kuma ba cikakke ba ne."

"Yanzu mene ne magani?"

"Mai aiki ba faifai ba allura. Es-es-di ake ce musu. Amma su ma suna suka tara."

Idonta ya riga ya sauka a kan wata 'yar ƙarama ruwan zinariya a cikin gilas, kwalinta ɗauke da wata ƙatuwar lamba da hoton walƙiya. Ta nuna. Bai yi mata musu ba, ya ciro ta, ya jona, ya ɗauko wani jibgegen fim nasa na gwaji ya fara zubawa a ciki. Layin da ke nuna tafiyar aiki ya zabura a guje.

"Ka gani!" in ji Mai Ɗinki.

"Mama, mu ɗan taɓa hira. Yaya ɗinki?"

Ba su yi nisa da hirar ba layin ya soma jan ƙafa, can sai ya koma rarrafe. Ya ce ta taɓa. Ta taɓa, ta janye yatsa, don ta yi zafi zau.

"Lambar kwali ba ƙarya ba ce," ya ce, "gudun farko ne. Tana da ɗan wuri a gaba mai karɓa da sauri, in ya cika sai halinta na gaskiya ya fito. In ta yi zafi kuma ta ƙara rage gudu don kada ta ƙone. Ga mai ajiye hotunan waya ta isa har ta yi yawa. Amma mai tace fim wuni yake yi yana ja."

"Na gane," in ji ta. "Akwai keken da yake tashi sama a kan yadi mai laushi, ka sa masa mai kauri ya fara cin zare."

"Shi ke nan, kin gama karatun."

Ya ciro wata, toka-toka, jikinta ƙarfe mai tsaga-tsaga don shan iska, ba kyan gani ko kaɗan. Ya zuba mata fim ɗin nan dai. Ba ta zabura kamar ta zinariya ba, amma yadda ta fara haka ta ci gaba, haka ta ƙare, jikinta ɗumi kawai. Mai Ɗinki ta ce a sake. Ya dube ta, ya yi dariya, ya ce yau ya gamu da wadda ta fi shi, ya sake. Sannan ya karɓi wayarta ya buɗe hoton bayan kwamfutar, ya faɗaɗa shi da yatsu.

"Kin ga ramin nan mai alamar walƙiya a gefe? Nan za a jona ta, kai tsaye. Kada a bi da ita ta wani mahaɗi. Kuma da wannan wayar tata, ba wata ba. Wayoyin nan kansu iri ɗaya ne, amma wata caji kawai ta iya, in kika sa ta duk gudun nan ya tashi a banza."

Mai Ɗinki ta tuna tulin wayoyin da ke aljihun teburin mijinta, duk baƙaƙe, duk a cukurkuɗe. Ta laluba jaka ta ciro jan zare, don tela ba ya rabuwa da zare, ta naɗa shi a wuyan wayar ta ƙulle tam.

Kwashe fim ɗin Darakta daga cikin Tsohuwa ya ɗauki lokaci, don ita ba a yi mata gaggawa. Sai-an-gwada ya raɗa wa sabuwar sunan tsohuwar a ciki, don kada kwamfutar Malam ta tsaya cigiya. Ya ce kada a cika ta maƙil, a bar mata wurin numfashi. Ya ce kuma kada a yar da Tsohuwa, wajen ajiya na dogon lokaci har yanzu tana da amfani, fim kuma ba ya kwana a wuri ɗaya tak. Ta biya, ta yi godiya, ya rako ta har bakin bene yana cewa, "Ramin walƙiya, Mama!"

Ta tarar da Almakashi tsaye a tsakiyar ɗakinsa, fuska a murtuke, yana kallon gurbin Tsohuwa.

"Fim ɗin mutane kika ɗauka kika shiga mota da shi?"

"Na ɗauka. Ka yi faɗan daga baya, zan tsaya in ji. Yanzu jona wannan."

Ya juya abin toka-tokar a hannunsa kamar an ba shi dutse. Ta gaya masa duk abin da ta gani, ya saurara. Ta ga yana so ya yarda, yana kuma tsoron yarda. A daidai nan aka ƙwanƙwasa ƙofar gida, ta leƙa, Darakta ne ya zo kwasar kaya, riƙe da jaka, kansa a ƙasa. Ta shigo da shi. Kafin su iso ɗakin, Almakashi ya riga ya jona ya saki hoton.

Mace ta kama mariƙi. Hannu ya ƙame, ya yi zumbur.

Almakashi ya cire tabarau ya ajiye a tebur, ya ce da wata murya da ba ta taɓa jin ya yi ba, "Kin yi ƙoƙari, Maman yara. Allah ya saka."

Sai idonta ya bi jan zaren. Wayar tana nan daidai, amma ina ta shiga? Cikin ɗan mahaɗin nan mai ramuka da yawa da ke gefen tebur, inda Tsohuwa take zama shekara da shekaru. Hannunsa ne ya kai ta can da kansa, don can ya saba.

"Matsa!" ta ce.

Ta ture kujerarsa da shi a kai, ta durƙusa, ta cusa kai bayan kwamfuta cikin ƙura da yanar gizo, tana haskawa da wayarta. Darakta ya ce, "Mama, bari ni in yi," ta ce ya tsaya inda yake. Ta sami ramin walƙiya, ta cusa, ta fito tana atishawa da ƙura a goshi.

"Sake."

Ya mayar da tabarau, ya saki. Mace ta kama mariƙi, ta saki, ta juyo, sumul, ko gargada babu. Ya mayar baya ya sake kallo. Ya sake. Sannan a hankali ya ɗaga yatsa ya ɗora a kan madanni. Hoto ya tafi. Tau! Ya rufe lambar da tafin hannu, ya koma baya, ya saki. Mai Ɗinki ta kama bayan kujerar. Tau!

Bai ɗaga hannun ba. Ya ce, "Darakta, duba min. Ni ba zan iya ba."

Ya janye tafin, Darakta ya sunkuya ya karanta lambar farko, ya karanta ta biyu, sai ya dafe kai ya saki ihu, "Ɗaya ne, Baba! Wallahi ƙwaya ɗaya ce!"

Almakashi ya miƙa hannu ya ɗauko Tsohuwa daga cikin yadin, ya shafa ta.

"Wannan fa? Jefarwa za a yi?"

"A'a," in ji Mai Ɗinki. "Ya ce lafiyarta lau, gudun ne ya fi ƙarfinta. A ɗora ta a kantar kaya ta riƙa ajiya."

Ya gyaɗa kai. "Ni ma jiya kantar nake nema wa kaina," ya ce, bai dube ta ba. Ya share maƙogwaro, ya gyara zaman tabarau. "To, 'yan kallo, a ba ni wuri. Ba a ganin fim sai an gama."

"Faɗan fa da na ce ka yi daga baya?"

"Yana nan, ba zai lalace ba."

Ya kore su su biyu ya rufe ƙofa. Darakta ya tafi da jakarsa wayam yana ta dariya shi kaɗai. Mai Ɗinki ta koma ɗakinta, ta nannaɗa zaren ƙasa, ta saka yadi a ƙarƙashin allura, ta ɗora ƙafa a kan keke, amma ba ta taka ba. Ta zauna tana jira, kunnenta a jikin katako.

Ƙwas. Ƙwas, ƙwas.

Ta bari ya yi nisa sosai, sannan ta goge fuskarta ta taka keken.